Ƙarfen da Ya Ƙi Yin Amo

Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina wajen su Inna Rabi? Yaya ƙafar taka, da sauƙi? Mu nan Greensboro ƙalau muke, Hadiza da yara suna gaishe ka.

Wani abu ya tsaya mini a rai a wurin aiki. 'Yan kwangila sun aiko falankan alminiyam masu walda, waɗanda za a ƙera jirgin ruwan yaƙi da su, mu gwada ƙarfinsu. Na'ura ta gwada uku, sakamako ya fito tas. Amma ka san abin da na koya a maƙerarka: tukunya ba ta fita sai an ƙwanƙwasa ta. Na ɗauki sifanar kwance noti na bubbuga falankan duka. Ukun suka yi amo garau, sauran kuwa kamar na bugi fasasshen tulu.

Na tambayi ogana wa ya zaɓi ukun. Ya ce 'yan kwangilar ne, wai don su sauƙaƙa mana. Ya yi dariya ya ce, "Bashir, wannan kimiyya ce, ba kiɗa ba. Sa hannu."

Yaushe mai kaya ya fara zaɓa wa mai saye abin dubawa? Na ce ba zan sa hannu ba sai an gwada wanda na nuna. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa.

Kawu, a taya ni da addu'a, ƙila a sallame ni. A gaida Inna da mutanen maƙera. Tukunyarka in ta tsage, miya ce za ta zube. Wannan kuwa 'ya'yan mutane ne a tsakiyar teku.

Ɗanka,
Bashir