Muryata Ta Shiga Kasuwar Wudil

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ni malama ce a wata makarantar nazare a Wudil. Yaran ajina ba su iya karatu ba tukuna, da kunne nake koya musu waƙa: in rera, su yi tsit su saurara, su tafa inda na tsaya, sannan su maimaita. Da maƙogwarona ya fara dishewa sai na naɗi waƙoƙin a waya ina kunna musu. Shugabarmu ta ji, ta tura wa iyaye ba tare da ta tambaye ni ba, wai yara su riƙa ji a gida.

Ran Juma'a yayan mijina ya ji muryata a shagon cajin waya a kasuwa, ina waƙar wanke hannu, samari suna ta dariya. Kafin la'asar magana ta kai wa surukata. Ta ce a gidansu matar aure ba ta zama zabiya, in bar aikin. Shugaba kuma sababbin waƙoƙi biyar take so kafin hutu, ko ta nemi wata malamar. Maigidana ya yi gum. Wallahi kunyar fita nake ji. Amma akwai wata yarinya, Hansai, da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba sai da waƙoƙin nan, ba na son in bar ta.

Malamar da aka matse, Wudil

'Yar'uwa, share hawayenki, koyarwa kika yi. Amma kada ki ga baiken surukarki, mutuncinki take karewa, ba wanda zai so a yi dariyar matar ɗansa a kasuwa. Mai laifi ita ce shugabarki, ki gaya mata haka cikin ladabi, ta roƙi iyaye su goge.

Sababbi biyar ɗin kuwa, ki ba ta, amma ba da muryarki ba. Ki koya wa yaran baki da baki, in waƙoƙin sun zauna musu ki naɗi tasu muryar. Iyaye ma sun fi son jin 'ya'yansu.

Kafin komai ki zauna da maigidanki. Shirunsa ba hukunci ba ne, wataƙila shi ma ya rasa abin faɗa. Ku je wurin mahaifiyarsa tare, shi ya yi bayani, ke ki ba da haƙuri. Kada ki ajiye aikin cikin fushi ko kunya. Allah ya daidaita ku, ya sa albarka a ajinki.