Katin Kiwiwi

Talata, 7 ga Yuli, 1942

Baturen makaranta ya gudu, ya bar mini gwangwanin biskit cike da katunan ƙamus ɗin harshenmu. Mun kai harafin K. Wani saurayi mai suna Kiwiwi ke kawo kalmomin teku, ni ina rubutawa. Da na rubuta katin kiwiwi, tsuntsun da aka sa masa sunansa, sai ya leƙo ya ce, "Malama, ki ƙara da cewa kyakkyawa ne, kuma ba shi da mata." Na jefe shi da ɓawon kwakwa.

Alhamis, 27 ga Agusta

Sojoji sun kwashe samarin tsibirinmu zuwa dako, har da Kiwiwi. Ana jin bindigogi daga hayin ruwa.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Mutum biyu sun dawo, babu shi a cikinsu. Wai kwalekwalensu ya nutse. Ba wanda ya ga gawa.

Litinin, 12 ga Oktoba

Mahaifiyarsa, Inna Sineloi, ta zo, jikinta a shafe da gawayin makoki. Na san abin da ya kawo ta. Wanda ya mutu ba a ƙara kiran sunansa a garin nan, kuma duk abin da yake da suna ɗaya da shi sai a canza masa wani suna.

"'Yata, cire shi daga gwangwanin nan. Kina riƙe shi, ya kasa tafiya."

"Inna, wa ya ga gawarsa?"

"Ni na haife shi," ta ce.

Ban cire ba. In na yaga katin, ni na kashe shi.

Asabar, 7 ga Nuwamba

Yanzu kowa "mai gudun bakin ruwa" yake ce wa tsuntsun. Tsuntsun kuwa ba ruwansa da dokarmu, sunansa yake kira kullum da hantsi: kiwiwi, kiwiwi. Na bar doya a wuta na fita da gudu, ba kowa sai yashi. Tsoro nake ji, kuma ina so ya sake kira.

Juma'a, 4 ga Disamba

Na kai harafin M. Na rubuta wa tsuntsun sabon kati ɗaya, ai aikin ƙamus ne kawai, tunda haka mutane ke faɗa. Tsohon katin na kai wa Inna, saboda gwangwanin ya riga ya cika. Ta karɓa da hannu biyu.

Mai gudun bakin ruwa ya yi kuka ɗazu. Ban fita ba.