Tabaran Sallah Ba Ya Tare Harsashi

Zuwa ga Alhaji Nasiru, mai filin wasan harbi da ke bayan tsohuwar ma'ajiyar taki a garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ni ne Malam Haruna, tsohon malamin gona, kakan Sadiku. In sunan yaron bai tuna maka da kowa ba, shi ne wanda aka fitar daga filinka washegarin Ƙaramar Sallah, an toshe masa idon hagu da gefen rigarsa. Shekararsa goma sha uku. Idon ya tafi. Likita a birni ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah Ya saka masa, amma abin da ya fashe ya fashe.

Ban so mu kai ga takardar da kowa zai karanta ba. Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, abokina ne, tare muka yi yawon gonaki daga nan har wajen Dawakin Tofa, saboda haka kai ɗa ne a wurina. Na dogara sandata na je gidanka, aka ce kana birni. Na aika, shiru. Daga baya yaronka Ɗanjuma, mai tsaron ƙofar filin, ya zo mini da buhun shinkafa da saƙo: "Baba, Alhaji ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Buhun yana nan a zaure, ban kwance bakinsa ba. Yanzu kuma ina jin ana shela da lasifika cewa za a sake buɗe fili a Babbar Sallah, har da sababbin bindigogi. Ban ji an ambaci abin rufe ido ba. Sadiku kuwa ya aiko mini cewa zai zo mini Sallah, kuma sai ya koma filin. Ido ɗaya ya rage masa, Alhaji. Dalilin wannan takarda ke nan.

Na farko, yadda abin ya faru, don na ga alamar ba a gaya maka daidai ba, ko kuwa ba ka tambaya ba.

Wasan nan da ka kawo, wanda 'yan birni ke kira eyasof, yaranmu ke kira harbi-harbi, ban taɓa ƙinsa ba. Bindiga ce ta roba mai tofa farar ƙwaya wadda ta ɗan ɗara ƙwayar dawa, yara su rabu gida biyu, su ɓuya bayan tayoyi da buhunan yashi suna harbin juna. Mu ma mun yi namu da gwafa da karan dawa. A ƙofar filin an kafa doka, kuma doka ce mai kyau: ba mai shiga sai da tabarau. Amma ba wanda ya faɗa wa yara wane irin tabarau.

Kai ɗan garin nan ne, ka san me kalmar ke nufi ga yaro ranar Sallah. Tabarau shi ne wanda ake saye a tire tare da agogon roba da balan-balan, mai ja, mai shuɗi, mai kore, a ƙwama a hanci a tafi yawon Sallah. Kowane yaro a garin nan yana da shi a wannan mako. Da shi suka yi layi a ƙofarka, Ɗanjuma yana duba fuska ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kai da tabarau, wuce. Kai babu, je ka aro." Har aron juna suka riƙa yi ta saman katanga. Sadiku ya shiga da nasa, mai baƙin gilashi, wanda uwarsa ta aiko masa tare da kayan Sallah. Ƙwaya ta same shi a gilashin hagu. Gilashin ya tarwatse, ɓarɓashin ya shige cikin idon. Likita ya ce aikin ɓarɓashin ya fi na ƙwayar muni. Ka ga ke nan abin da aka karɓa a ƙofarka da sunan kariya shi ne ya ƙarasa idon.

Wanda ya harbe shi abokinsa ne, Musbahu, sa'ansa, tare suke zuwa makaranta. Tun ranar yaron nan ba ya iya haɗa ido da ni. In ya hango ni sai ya canza hanya. Na sa an kira shi na ce masa ba shi da laifi, kuma ina maimaitawa a nan don kowa ya ji. An ba shi bindiga an ce ya harba, ya harba. Laifin yana kan babban da ya ba shi.

Na biyu, maganar tsautsayi.

Ba kai za ka koya mini ƙaddara ba, Alhaji. Na binne matata, na binne ɗana namiji tilo, ban yi wa Allah ƙorafi ba. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara. Kuma kai ka san ɗaurin raƙumi sarai, don a babban allon da ke ƙofar filin akwai hoton ɗanka. Idona ya yi yana, ba na gani sosai, amma Sadiku ya bayyana mini shi tun kafin abin ya faru, yana ta sha'awa: tabarau mai kauri da ke manne a fuska da igiyar roba ta baya, ragar ƙarfe ta rufe hanci da baki, safar hannu, riga mai dogon hannu, rufaffen takalmi. Haka 'ya'yanka suke shiga duk ran da suka zo daga birni. Ashe ka san abin da ƙwayar nan ke yi wa ido. Tsautsayin ne ya san ɗan birni ya bar shi, ya zaɓi ɗan ƙauye? Da jahilci ne da na yi maka uzuri. Sani ne, aka ga idon ɗan talaka bai kai a wahala a kansa ba.

Lokacin da nake aiki, aka fara kawo mana injin feshin maganin ƙwari. Kowane inji da abin rufe hancinsa yake zuwa. Manoma ba sa so, suna cewa zafi, suna cewa su ba mata ba ne. Ba mu yi musu dogon wa'azi ba. Wanda bai ɗaura ba, ba ya ɗaukar inji. Suka yi ta zaginmu, suka ɗaura. Wanda ya kawo kayan haɗari cikin mutane shi ke da nauyin kawo makarinsa, ba wanda aka kawo wa ba.

Na uku, za a ce mini ai akwai tabarau na haya a filin. Na bincika. Akwai 'yan ƙalilan rataye a ƙusa a rumfar Ɗanjuma, kuma na manya ne. In yaro ya sa, sai ya zame masa zuwa haɓa, ya yi gumi ya dushe, sai ya tura shi goshi kamar ɗan acaɓa ya ci gaba da gudu. Sannan hayarsu daban take da ta bindiga. Yaron da ya tara ɗan goron Sallarsa, ka ce ya zaɓa tsakanin bindiga da abin rufe fuska, me kake tsammani zai zaɓa?

Ga kuma wani abu da babba ba zai sani ba sai ya zauna da yara. Duk wanda ya rufe fuska a filin nan, sunansa amarya. "Ga amarya ta fito, a kawo turare." "Amarya, buɗe mu gani mana." Musbahu ya gaya mini Sadiku ya taɓa sa na hayar sau ɗaya, aka yi ta rangaɗa masa guɗa har ya cire. Yaro mai shekara goma sha uku zai gwammace ya rasa ido da a kira shi amarya a gaban abokansa, domin bai san mene ne rasa ido ba, amma ya san dariya. Wannan ba ya gyaruwa da roƙo. Sai ran da kowa ya rufe fuska, babba da yaro, har wanda ke busa usur, sannan amarya za ta ƙare.

Na huɗu, abin da aka yi mini, don kada a ɗauka magana ce ta tsoho mai neman abin faɗa.

Sadiku ɗan 'yata Binta ne, da ke aure a Kunci. Bayan rasuwar matata ta kawo mini shi ya zauna da ni. Shi ke riƙe hannuna zuwa masallaci da asuba, shi ke karanta mini rubutun jikin magani, shi ke gaya mini ko gero ya fara fitar da kai. Da dare in na yi tari, akwai wanda zai ce, "Malam, in kawo ruwa?" Ran da aka sallame shi daga asibiti Binta ta durƙusa a gabana, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Baba, da ido biyu na kawo maka shi." Ta haɗa kayansa suka tafi. Ban hana ta ba, da wane baki? Yanzu gidan nan ni ne da akuya ɗaya. Wannan takarda ma da manyan baƙaƙe na rubuta ta, hancina a kan takarda, maƙwabcina zai kai a buga.

Kuma ka ji abin mamaki. Da zai shiga mota, yaron ya kama hannuna ya ce, "Malam, don Allah kada ka sa a rufe filin, yara za su ce ni na jawo." Bandeji a fuskarsa, abin da ke damunsa ke nan. Saboda maganarsa ba na neman a rufe maka sana'a. Ba na neman diyya kuma, ido ba shi da kasuwa. Na san halin jikana, zai zo Sallah, zai ga abokansa sun nufi bayan ma'ajiyar taki, ƙafafuna ba za su iya tare shi ba. Don haka dole filin ne zai gyaru.

Ga abin da nake nema, kafin ranar Sallah:

Ɗaya, ka sayo tabarau na wasan, irin na 'ya'yanka, daidai fuskar yara, tare da ragar rufe baki da haƙora. Su isa kowa. Bindiga da abin fuska su zama abu guda, haya guda, ba a ba da wannan sai da wancan.

Biyu, a hana tabaran Sallah da na acaɓa da na karatu shiga filin. In kana shakkar maganata, ka ɗora ɗaya a kan kabewa, ka ja baya ka harbe shi da bindigarka a gaban yara da iyayensu. Su gani da idonsu tun suna da shi.

Uku, a raba ƙananan yara da samari. Ba daidai ba ne ɗan shekara goma sha biyu ya fuskanci ƙaton da ke riƙe da bindiga mai ƙarfi. A ba yara bindigogi marasa ƙarfi, a hana harbi kusa da kusa, kowa ya shigo da riga mai hannu da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Huɗu, a sa babba mai hankali a cikin filin, ba a ƙofa kaɗai ba. Duk wanda ya ɗaga abin fuskarsa, a busa usur, wasa ya tsaya. Kada a kori Ɗanjuma a ce an yi hukunci. Abin da aka gaya masa ya yi, kuma ba a gaya masa komai ba.

Biyar, ka taka da ƙafarka ka je Kunci ka duba yaron, ka gaida uwarsa. Ka biya ta zaurena ka ɗauki shinkafarka, ka kai wa masu bukata.

In an yi waɗannan, ni da kaina zan sa maka albarka a bainar jama'a, zan kuma ce wa Binta ta kwantar da hankalinta. In ba a yi ba, to ka sani ranar Sallah, da an sauko daga idi, zan sa a kai mini tabarmata ƙofar filinka. Ba zan yi faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Zan zauna ne a tsakiyar ƙofar. Idona ba ya gani sosai, amma hannuna yana shafawa, kuma ya san bambancin abin da zai tare ƙwaya da abin da ake saye a tire. Duk yaron da zai shiga sai na shafa fuskarsa, da jikana zan fara. Wanda ke son wucewa da tabaran Sallah sai dai ya tsallake ni, kuma ina so in ga wanda zai ba da umarnin a ɗauke abokin ubansa daga hanya a gaban mutanen gari.

Allah Ya yi wa dukiyarka albarka, Ya tsare maka idanun 'ya'yanka, Ya sa ka dubi na mutane kamar yadda kake duban naka. Allah Ya jiƙan mahaifinka, wanda da yana raye da ban bukaci takarda ba.

Wassalam.

Malam Haruna, tsohon malamin gona,
kakan Sadiku.