Ƙuri'ar Mayar da Baba Zaure

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da 'yan biyu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ku can. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana shanya, ana hana ta tana cewa ita ba gawa ba ce. Gwaggo ta yi sabon tabarau, yanzu ba wanda ya isa ya wuce ta bai gaishe ta ba. Ni kuma ina nan a rumfata ta gyaran waya, ana lallaɓawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san karatuna bai yi nisa ba. Na zaɓi takarda ne don maganar ta fi ƙarfin bakina, kuma na san kin daɗe da kashe ƙarar zauren gidanmu na waya, ba ki san abin da ke ciki ba.

Kin tuna lokacin da kika buɗe zauren, Baba ya ce bai shiga sai an kafa doka: ba zagi, ba tura labarin da ba a tabbatar ba, kuma ba a fitar da kowa sai manyan gida sun kaɗa ƙuri'a. Muka yi ta dariya, muka sa mata suna tsarin mulkin Baba. To, kwanan nan jam'iyyarsu Yaya Kansila, wanda har yau bai taɓa cin ko akwatin layinmu ba amma sunan ya bi shi, ta fara maganar a gyara tsarin mulkin ƙasa don a ƙara wa shugaban ƙasa, wanda ɗan jam'iyyarsu ne, wa'adi. Baba ya saki saƙon murya irin nasa mai tsawo, da tari a tsakiya. Ya ce shi ma mutumin ya zaɓa, ya sha rana a layi dominsa, amma ba a sauya doka ana tsakiyar wasa, ko da naka ne ke riƙe da ƙwallo. Ya ce jam'iyya gidan haya ce, ana shiga ana fita, tsarin mulki kuwa shi ne harsashin gini. Wani daga cikinmu ya tura saƙon waje, ya faɗa zauren jam'iyya, aka yi ta yi wa Kansila tsiya wai ya kasa shawo kan ubansa, ina zai iya da unguwa. Ya fusata, ya cire Baba daga zauren.

Yaya, kin san Baba bai iya karanta rubutun waya ba, wurin dannawa kawai ya haddace. Sai ga shi a rumfata da safe, ya naɗe wayar a hankici, ya ce ta lalace, wurin da yake dannawa ya gai da jikoki ya ɓace. Ya zauna a benci yana jira kamar kowane kwastoma, har ya ce in fara sallamar wanda ya riga shi zuwa. Ina dubawa na ga rubutun ƙarara, cewa ɗansa ne ya fitar da shi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauki burushi ina ta goge wayar da ba abin da ya same ta, har maƙwabcina mai caji ya leƙo ya ce ko wanka nake mata. Daga ƙarshe na faɗa masa, idona a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya kawai ko an yi ƙuri'a. Na ce ba a yi ba.

Na ce masa zan kira ki ki mayar da shi shiru, tunda ke ma kina da iko a zauren. Ya ƙi. Ya ce an fitar da shi ta taga, ba zai koma ta taga ba, in ya yarda da haka to me ya raba shi da Kansila. Ya sa Gwaggo ta kira ƙuri'a kan a mayar da shi ko a'a, ya kuma ce kada wanda ya taɓa Kansila, shi ma yana da bakin magana. Na ɗauka abin na minti ɗaya ne. Abin kunya, Yaya, sai ga shi an yi kunnen doki. Wasu suna jiran Kansila ya samo musu aiki, wasu kuma, har da waɗanda Baba ya goya a kafaɗa, sun ce saƙonninsa na cinye musu data. Gwaggo ta karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, ni kuwa na kasa zama a ɗakin. Inna ta ce ita a ba ta ƙuri'a ta gama da su, Baba ya ce ba ta yi rajista ba, tunda wayarta ƙarama ce.

Saura ke kaɗai. Gwaggo za ta rufe ƙuri'ar ranar Lahadi. Baba ya ce in aka kayar da shi ya karɓa, kuma ya hana ni gaya miki ɓangaren da za ki bi. To ban gaya miki ba. Abin da zan faɗa kawai, kullum da safe yana zuwa rumfa ya ɗauki saƙon murya na gai da jikoki a wayata, ya ce in ajiye har a faɗi sakamako. Ta jiya ta 'yan biyunki ce, yana tambaya ko haƙorin ƙaramin ya fito.

Ki gai da maigida da kyau, ki shafa mini kan 'yan biyu. Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Kansila ma na san zai gaishe ki, in ya daina kauce wa hanyar rumfata. Don Allah ki buɗe zauren kafin Lahadi.

Ƙaninki,
Auta