Na Goge Alamar Jan Farcen

Yaya,

Na makara aiki, ba zan iya jiranka ba. Ɗazu ina share amfilifaya, na'urar nan mai ƙara sautin jitar marigayi Baba, sai na ga ɗigon jan farce a jikin ɗan abin murɗawar da ka saka mata don daidaita wutar lantarkin da ke shiga 'yan kwalaben gilashin cikinta. Na zaci datti ne, na goge, abin kuma ya murɗe. Da na kunna, kwalba ɗaya ta yi jawur, ƙauri ya tashi, na zare wayarta daga wuta. Ashe alama ce ka sa, yanzu kuma na rasa inda alamarka take. Don Allah kada ka kunna sai ka sake auna wutar. Na kasa gaya wa Mama. Tun safe take cewa yau za ta sake jin jitar Baba.

Ƙanwarka