Na'urar da Ta Gaida Baba Mai Faci

Litinin, 3 ga Maris

Sallama irin ta mai jin kunya gare ka, ya kundina, tare da neman afuwa: wata huɗu ban leƙo ka ba, yau kuma na faɗo maka babu ko gyaran murya. Uzurina aiki ne. Asibitinmu na da dattawa sama da ɗari biyu masu ciwon suga da hawan jini. Akasarinsu ba sa karanta saƙon tes, ranar ganin likita sai ta wuce su. Na ɗauki alkawari a gaban Babbar Nas cewa manhajar wayarmu, wadda kyauta ce kuma kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, zan koya mata magana: in rubuta, ta kira kowa ta karanta masa ranarsa. Mako biyu ta ba ni. In abin bai yi ba, a koma tes.

Laraba, 5 ga Maris

Na haɗa injin da ke mai da rubutu murya. Muryar farko ta fito kamar sauro a cikin kwalba, domin saurin sautin ya fi ƙarfin layin waya. Na daidaita shi, ta koma ta 'yan Adam. Ɗakin na'urar yana bayan ɗakin magani, babu taga, sai fanka guda mai tari. Na jiƙe sharkaf, amma ban tashi ba sai da ta kira wayata.

Alhamis, 6 ga Maris

Babbar Nas ta so a ce, "Ranarka Talata, ƙarfe tara," shi ke nan. Subhanallahi! A jefa wa dattijo rana kamar ana watsa wa kaza tsaba? Na buɗe da baiti:

Ina kwana, ya mai girma,
Ina gajiya, ina fama?

Sai wasu baitoci biyar, sannan ranar. Ta ce, "Malam Sha'iri, nan fa asibiti ne, ba gidan rediyo ba." Na ce, "Ranki ya daɗe, gaisuwa rabin magani ce."

Asabar, 8 ga Maris

Kira arba'in sun fita. Duk an ɗauka, babu wanda ya katse. Alhamdu lillahi.

Talata, 11 ga Maris

Cikin arba'in, goma sha ɗaya suka zo. Baba Mai Faci, wanda sugansa ya fi na kowa gardama, yana cikin waɗanda ba a gani ba, ga allurarsa ta kusa ƙarewa. Babbar Nas ta duba rajista, ta rufe, ta wuce. Da ma ta yi faɗa.

Laraba, 12 ga Maris

Da azahar na je rumfar Baba ta facin taya. Na same shi yana tsoma tiyub a ruwa yana neman huji.

"Ai an kira ni, ɗana," in ji shi. "Wata baiwar Allah. Ta ce ina kwana, na ce lafiya lau. Na tambaye ta iyali, na tambaye ta aiki, na ba ta labarin ƙafar nan. Amma ba ta da sauraro, ina magana tana magana. Ban kai ga gaida maigidanta ba ta kashe."

Na ce, "Ranar da ta faɗa fa, Baba?"

"Wace rana?"

Nan na gane. Wanda aka gaisar dole ya amsa, ya kuma mayar. Baiti shida na ba su, suka amsa shidan ɗaya bayan ɗaya, ranar ta wuce ƙarƙashin muryarsu. Na ce ya zo gobe. Shi na iya taka wa da ƙafa. Ɗari biyu fa?

Alhamis, 13 ga Maris

Babbar Nas ta ce a cire gaisuwar gaba ɗaya. Na ƙi, domin kiran da babu gaisuwa dattijo katse shi zai yi. Ga abin da na tsara: na'ura ta ce "Ina kwana?" ta yi shiru, ta jira har mai amsa ya numfasa, ta ce "Madalla," sannan ta faɗi ranar sau biyu. Iyakar jiranta minti ɗaya. Na sake kiran mutum ashirin da taran nan, a zo Litinin.

Baitocin na ajiye su gefe. Na ɗan lokaci ne.

Litinin, 17 ga Maris

Ashirin da biyar sun zo. Bencin jira bai ishe su ba, sai da aka ɗauko kujeru daga ofis. Babbar Nas ta wuce ni a baranda, ba ta ko tsaya ba ta ce, "A bar ta ta ci gaba, Malam Injiniya."

Huɗun da ba su zo ba na duba rajistar kiransu: minti ɗayan ne ya cika suna tsakiyar amsa gaisuwa, na'ura ta shiga bakinsu. Na zauna rubuta wa Babbar Nas takardar neman izini. Na tsara gabatarwa mai baiti uku, na karanta, na yage. Biron ne ba ya ci sosai. Abin da na tura ta ƙarƙashin ƙofarta ke nan:

"Ranki ya daɗe, ina neman a mai da jiran minti uku. Mutum huɗu suna da sauran magana. Don Allah a ba ni amsa a rubuce kafin Laraba, in sake kiransu."