Wanda Ya Ɗaga Tabarma

Auckland, 3 ga Yuni

Yaya Peniamina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kowa lafiya a Savai'i.

Jiya likitoci a nan Auckland, inda aka kawo shi daga Savai'i, suka yanke ƙafar mijina Mataio ta hagu, daga gwiwa. Bai gama farfaɗowa ba.

A jiyan kuma Gwaggo Sieni ta kira ni. Ta ce dangin Setefano, wanda ya banke Mataio da motar coci yana buge, sun zo ƙofar gidanmu neman gafara, sun durƙusa sun lulluɓa da tabarmar alfarma. Ko awa ɗaya ba su yi a rana ba ka fito ka ɗaga musu ita, alamar an yafe. Ta ce maka, "Haba Peni, ko kifi ai sai ya ji wuta ake juya shi!" Ka ce, "Gwaggo, koma ciki."

Kai ne shugaban gidanmu, kai ne dattijon coci, ɗaga tabarma huruminka ne. Amma ƙafar ba taka ba ce. Me ya hana ka tambaye ni?

Ƙanwarka,
Lupesina

Savai'i, 11 ga Yuni

Ƙanwata Lupesina,

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ki da surukina. Ikkilisiya duka tana azumi dominsa.

Ba ki ga abin da na gani ba. 'Yan'uwanmu sun wasa adduna a bayan gida, kuma wanda ke ƙarƙashin tabarmar nan fasto ne da kansa, mahaifin Setefano, dattijo mai shekara saba'in. In bar shi ya gasu a idon gari? Kowace Lahadi muna roƙon a yafe mana. Da wane baki zan roƙa idan na riƙe wani? Shugaba shi ke fara haɗiye ɗaci.

Na rubuta wa kotu cewa gidanmu ya yafe, don a sassauta masa. Tabarmar tana ajiye, taki ce. Ki yi haƙuri.

Yayanki cikin Almasihu,
Peniamina

Auckland, 20 ga Yuni

Yaya,

Na gode da azumin. Ka gaida Gwaggo.

Mataio ya farka. Da na karanta masa wasiƙarka sai ya yi dariya, har nas ta leƙo. Ya ce, "Lupe, tambayi yayanki, wa ya miƙa makulli?"

Ga abin da ya faɗa, na rubuta kalma da kalma. Bayan walimar mawaƙan coci Setefano ya zo wurinka yana tangaɗi. Mataio ya ce, "Dattijo, mutumin nan warin giya yake." Ka ce, "Suruki, rufa mana asiri, ɗan fasto ne. Nan da can ne kawai." Ka zaro makullin motar cocin daga aljihun farin kwat ɗinka ka ba shi. Mataio ya ƙi shiga motar, ya kama hanya a ƙafa. A hanyar ta same shi.

Na sake karanta wasiƙarka sau uku. Akwai adduna, akwai fasto, akwai ɗaci. Babu makulli.

Yanzu na gane saurin da ka yi. Gari ya ce an yafe, an rufe magana, ba mai sake tambayar yadda aka yi. Ashe kanka ka ɗaga wa tabarma, da hannunka, da sunana.

Ban rubuta wa kotu ba tukuna. Za a zauna ranar takwas ga Yuli. Na fi so alƙali ya ji daga bakinka.

Allah ya kiyaye ka,
Lupesina

Auckland, 1 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban sami amsarka ba.

Gwaggo ta kira da rana. Ta ce jiya Lahadi ba ka sa farin kwat ba, a benci na ƙarshe ka zauna. Ta ce wani direban bas ya gan ka yau da sassafe a ƙauyen su Mataio, a ƙofar mahaifiyarsa, lulluɓe da tabarmar da ka ce tawa ce.

Na kira ƙauyen sau biyu, ba a ɗauka ba. Direban ya ce da ya sake wucewa ƙarfe sha biyu, ba a ɗaga maka tabarmar ba.

Ƙanwarka,
Lupesina